Wahalar Dama Ɗigo Guda

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi ya san cewa gauraya abu ne mai arha. Mai shayi ya zuba madara da sukari, ya ɗaga kofi sama, ya sheƙa ruwan cikin wani kofin sau biyu ko uku, magana ta ƙare. Ba wanda ke tambayar dalilin da ya sa hakan ke aiki, domin bai taɓa ƙin aiki ba. Amma a rage wannan shayin har ya koma kashi ɗaya cikin dubu na ɗigo guda, a tura shi cikin magudanar da faɗinta bai wuce kaurin silin gashi ba, sai a ga abin mamaki. Madarar da ruwan shayin za su yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowa a sahunsa, su shiga tare su fita tare ba tare da sun gaisa ba.

Wannan ita ce matsalar da ta fi shekara talatin tana hana injiniyoyi barci a fannin da zan kira fasahar siraran magudanai, wato sarrafa ruwa ɗan mitsitsi a cikin hanyoyin da aka sassaƙa a jikin ɗan allon gilashi ko roba. Burin fannin sananne ne tun 1990, lokacin da Andreas Manz da abokan aikinsa a kamfanin Ciba-Geigy da ke Basel a Siwizalan suka bayyana shi: a tattara aikin ɗakin gwaji gaba ɗaya, daga ɗibar samfuri zuwa karanta sakamako, a kan allon da ke shiga aljihu. Jini kaɗan, sinadari kaɗan, lokaci kaɗan. Ga ƙasar da majinyaci kan yi tafiyar yini guda kafin ya isa inda za a auna jininsa, wannan ba ƙaramin alkawari ba ne.

Ra'ayina a wannan rubutu shi ne: an daɗe ana yabon allon, alhali famfon da ke tura ruwan shi ne ke yanke hukuncin inda na'urar za ta iya zuwa. Allon ne ake ɗauka a hoto, a ɗora shi kan yatsa don a nuna ƙanƙantarsa. Famfon kuwa yana gefe, inda kyamara ba ta kai ba, kuma sau da yawa ya fi allon girma sau ɗaruruwa. Wanda yake son ya san ko wata sabuwar na'urar gwaji za ta kai ƙauyensu, to ya kau da kai daga allon ya tambayi abin da ke tura ruwan, da abin da ke dama shi.

Duniyar da ruwa ya zama zuma

A 1883, Osborne Reynolds ya yi wani gwaji a Manchesta wanda har yau ake koya wa ɗaliban injiniya. Ya saki siririn zaren rini a tsakiyar ruwan da ke gudu cikin bututun gilashi. Idan gudun a hankali ne, zaren rinin yakan miƙe sambal daga farko har ƙarshe. Idan aka ƙara gudu, sai a kai wani mataki da zaren zai tsinke, ya tarwatse, ruwan duka ya rine. Daga nan aka sami abin da ake kira lambar Reynolds, wadda ke auna kokawar da ake yi tsakanin ƙarfi biyu: zabarin ruwa na ci gaba da tafiya inda ya dosa, da kuma danƙonsa da ke riƙe shi. A cikin bututu, idan lambar ta haura kimanin 2,000, hargitsi kan fara. Wannan hargitsin shi ne abokin aikin mai shayi, shi ne kuma ke taimakon ludayi a ƙwaryar fura.

To, a ɗauki ruwan sha a magudana mai faɗin maikuromita 100, wato kashi ɗaya cikin goma na milimita, yana tafiyar milimita ɗaya a daƙiƙa. Lambar Reynolds ɗinsa 0.1 ce. Tsakaninta da 2,000 akwai tazarar ninki dubu ashirin. A wannan duniyar danƙo ne sarki, ruwan sha yana nuna halin zuma. Ka daina turawa, ya tsaya cak nan take. Babu guguwa, babu tangal-tangal, babu ragowar motsi.

Abin da ya rage kawai shi ne bazuwa, wato yawon da ƙwayoyin sinadari ke yi da kansu, suna karo da juna, suna kutsawa sannu a hankali daga inda suka yi yawa zuwa inda babu su. Bazuwa tana da wata ɗabi'a da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin kusan duk dabarun da za su biyo baya a kanta suka dogara: lokacin da take ɗauka yana ƙaruwa ne da murabba'in nisa. A ninka nisan sau biyu, lokaci ya ninku sau huɗu. A ninka shi sau goma, lokaci ya ninku sau ɗari. Shi ya sa sukarin da aka bari a gindin kofi, da bazuwa kaɗai zai dogara, sai ya yi watanni kafin ya game ko'ina. Shi ya sa kuma ƙanƙanta ke taimakawa: ƙaramar ƙwayar sinadari takan ƙetare maikuromita 100 cikin kimanin daƙiƙa goma.

Sai dai abubuwan da likita ya fi damuwa da su ba ƙanana ba ne. Furotin ya fi nauyin jiki, yakan buƙaci daƙiƙa ɗari ko fiye don ƙetare wannan nisan. Idan ruwan yana gudun santimita ɗaya a daƙiƙa, ke nan sai an tanadi magudana mai tsawon mita guda kafin gaurayar ta kammala, a kan allon da duka-duka bai fi katin waya ba. Dogayen zaren DNA sun fi haka jinkiri nesa, ƙwayoyin jini da na cuta kuwa kusan ba sa bazuwa sam. Gwajin da sinadaransa ba su haɗu da kyau ba kuwa ba shiru yake yi ba. Sakamako yake bayarwa, sai dai na ƙarya, kuma mai yiwuwa a sallami mara lafiya a kan cewa lafiyarsa ƙalau.

Abin da ya sa kai-komo ba ya aiki

Tunanin farko da zai zo wa kowa shi ne a girgiza. A tura ruwan gaba, a janyo shi baya, a yi ta maimaitawa har ya gauraya. A nan ne duniyar danƙo ke nuna halinta mafi ban haushi.

Akwai wani tsohon fim na koyarwa daga shekarun 1960 inda masanin Ingila G. I. Taylor ya nuna abin. Ya cika ratar da ke tsakanin gwangwanaye biyu na gilashi, ɗaya cikin ɗaya, da ruwa mai kauri. Ya ɗiga rini, ya juya na cikin sau kaɗan har rinin ya shafe kamar ya gauraya. Sannan ya juya baya, adadi guda, a hankali. Rinin ya tattaru, ya dawo ɗigonsa na farko kusan kamar ba a taɓa shi ba. Abin da ido ya ɗauka gauraya ce ashe miƙewa ce kawai, kuma abin da aka miƙe ana iya naɗe shi.

Edward Purcell na Jami'ar Harvard ya fayyace dokar a wata lacca da aka buga a 1977. Ya kawo misalin wata halittar teku mai ɓawo biyu, wadda ke iyo ta hanyar buɗe ɓawonta a hankali da rufe shi da sauri. A teku dabarar na aiki. Amma da za a mayar da ita girman ƙwayar cuta, in ji shi, ba za ta gusa ko'ina ba, domin a wannan duniyar sauri ko jinkiri ba su da tasiri, jerin motsin kawai ake lissafawa. Duk abin da buɗewa ta samar, rufewa za ta ƙwace. Wannan doka ta hau kan mai ƙera famfo kamar yadda ta hau kan wannan halitta. Famfon da ke kai-komo a hanya ɗaya, komai ƙarfinsa, aikin baban giwa yake yi. Dole motsin ya kasance hanyar tafiyarsa daban da ta dawowarsa.

Mafita tana hannun mai alewa. Wanda ya taɓa kallon yadda ake jan alewa ya ga ana miƙe ta, a ninke, a sake miƙewa, a sake ninkewa. Kowane ninki yana ruɓanya yawan shimfiɗu, yana kuma rage kaurin kowace. Ninki goma ya ba da shimfiɗu 1,024, ninki ashirin ya haura miliyan. Da zarar shimfiɗun sun yi siranta sosai, bazuwa, wadda ke rarrafe a nisa amma take sheƙa gudu a kusa, sai ta ƙarasa aikin cikin ƙiftawar ido. Hassan Aref, masani haifaffen Iskandariyya ta Masar, shi ya ba wannan tunani tushen lissafi a 1984, inda ya nuna cewa ko gudun da ba shi da hargitsi ko kaɗan yana iya rikita ruwa matuƙar an riƙa sauya salonsa daga wannan zuwa wancan. Saboda haka aikin mai zana famfo ya wuce turawa. Miƙewa da ninkewa ne, kuma tambayar da ta raba masana gida biyu ita ce: wa zai yi ninkin, famfo ko magudana?

Gida biyu

Gida na farko ya ce famfo. Fitaccen misalinsa ya fito daga ɗakin binciken Stephen Quake a Caltech a shekarar 2000. Sun yi amfani da wata roba mai laushi da haske da ake kira PDMS, wadda George Whitesides na Harvard ya yaɗa amfani da ita a ƙarshen shekarun 1990. Suka haɗa shimfiɗa biyu: ta ƙasa ɗauke da magudanar ruwa, ta sama ɗauke da hanyar iska da ta gitta ta. Idan aka hura iska mai ƙarfi, sai siririyar fatar da ke tsakaninsu ta lotsa ta toshe magudanar. An sami bawul ke nan, ba tare da wani ƙarfe mai motsi ba. A jera uku, a riƙa matsa su ɗaya bayan ɗaya, an sami famfo. Yadda mai tatsar saniya ke matse nono yatsa bayan yatsa daga sama zuwa ƙasa, haka wannan ke yi, kuma ya tsallake dokar Purcell domin jerin matsin yana da gaba yana da baya.

A shekarar da ta biyo suka lanƙwasa magudanar ta zama zobe. A cika rabin zoben da ruwa ɗaya, rabi da wani, a rufe ƙofofi, a sa famfon ya riƙa zagayawa da su. Da yake ruwan tsakiyar magudana ya fi na gefen bango gudu, kowane zagaye yana ƙara miƙe iyakar da ke tsakanin ruwayen biyu, har ta zama dogon siririn zare. Gaurayar da za ta ci sa'o'i ta koma ta daƙiƙoƙi. Zuwa 2002 sun nuna allo guda mai dubban bawuloli da ɗaruruwan ɗakuna. Ba na jin akwai wanda zai kalli wannan aiki bai jinjina ba. Kyakkyawa ne, kuma ya buɗe ƙofar nazarin ƙwayoyin halitta ɗaya bayan ɗaya.

Amma a bi sirarran tiyon da ke fita daga allon a ga inda suka nufa. Kowane layin iska yana buƙatar nasa bawul ɗin lantarki a waje. Bayansu akwai tukunyar iska ko injin matsa ta, akwai ma'aunin matsi, akwai kwamfutar da ke ba da umarni. Na taɓa tsayawa a wani ɗakin bincike ina neman allon da ake ta ba ni labari, sai da aka nuna mini shi da yatsa, ɗan abu kamar kan sarki a tsakiyar tebur cike da kayan da ke yi masa hidima. Masu fannin da kansu suna da barkwanci a kai: an yi alkawarin ɗakin gwaji a kan allo, aka wayi gari da allo a cikin ɗakin gwaji.

Hatta famfon da ya fi kowanne yawa a irin waɗannan ɗakuna, wato injin da ke tura sirinji a hankali, yana da nasa halin. Tun wajajen 1840 likitan Faransa Poiseuille, wanda yawon jini a ƙananan jijiyoyi ya dame shi, ya gano cewa idan aka rage faɗin bututu da rabi, sai an ninka matsi sau goma sha shida kafin adadin ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa ya zama iri ɗaya. Siririyar magudana tana da taurin kai ke nan. Idan sirinji ya tura, tiyon roba ne ke fara kumbura, duk wata kumfar iska da ta maƙale ta matse, sannan ruwan ya fara motsi. A canza gudu, sai a jira mintuna kafin allon ya ji labari. Motar injin kuma taki-taki take tafiya, don haka a ƙaramin gudu ruwan yakan zo da bugu kamar na jijiya.

Gida na biyu ya ce a bar famfo ya zama wawa, a zuba wayon a jikin magudana. A 2002 Abraham Stroock, yana aiki tare da Whitesides da wasu, ya wallafa wata dabara mai sauƙin gaske. Sun sassaƙa ƙananan kwaruruka a daɓen magudanar, a karkace, masu siffar ƙayar kifi. Ruwan da ya bi ta kansu sai ya riƙa murɗewa kamar igiya. Sirrin shi ne ƙayar ba a tsakiya take ba, ta karkata gefe guda, kuma bayan 'yan layuka sai ta koma ɗaya gefen. Wannan sauyin shi ne ninkin mai alewa, shi ne kuma abin da Aref ya faɗa, sai dai an rubuta shi da siffa maimakon lokaci. Tsawon da ake buƙata ya sauko daga mita zuwa santimita kaɗan. Duk abin da ake nema daga famfo shi ne ya tura gaba.

Shekara guda bayan haka Rustem Ismagilov, a Jami'ar Chicago a lokacin, ya nuna wata hanyar. A yanka ruwan ɗigo-ɗigo a cikin mai, a bi da ɗigunan ta magudana mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar tafiyar maciji. Kowane ɗigo yana juya cikinsa yayin da yake tafiya, kowace kwana kuma tana sauya fuskar juyin. Gauraya takan kammala cikin 'yan kaso na dubu na daƙiƙa.

Ina tare da gida na biyu, kuma dalilina na tattalin arziki ne kafin ya zama na kimiyya. Wayon da aka zuba a siffa sau ɗaya ake biyan kuɗinsa, ranar da aka sassaƙa mazubin roba. Daga nan allo na miliyan ɗaya bai fi na farko wahala ba. Wayon da aka zuba a akwatin sarrafawa kuwa kullum ake biya: a kowane asibiti, a kowace ɗaukewar wuta, a kowace rana da wani bawul ya lalace kuma mai gyaransa yana wata nahiyar.

Inda abin ya shafe mu

Ba sai an je Kalifoniya ba kafin a ga wannan muhawara tana gudana. Na'urar GeneXpert ta kamfanin Cepheid, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gwajinta na tarin fuka a Disamban 2010, tana cibiyoyi da dama a Nijeriya, ƙasar da ke sahun gaba a Afirka wajen yawan masu wannan cuta. Kwanson robar da ake zuba kakin majinyaci a ciki darasi ne a zanen famfo. Ɗakuna ne kewaye da wani bututu irin na sirinji a tsakiya, a ƙasa kuma akwai bawul mai juyawa. Injin yana sauko da sanda ya ja ruwa daga wannan ɗaki, ya juya bawul, ya tura shi wancan, sannan ya yi amfani da girgizar sauti ya fasa ƙwayoyin cutar. Ruwan bai taɓa barin kwanson ba. Cikin ƙasa da sa'a biyu an san ko akwai cutar, an kuma san ko tana bijire wa maganin rifampicin. Wannan nasara ce ta gaske, ta ceci rayuka, kuma tana nuna cewa mai zane mai hankali yakan zaɓi tsohon sirinji a kan sabuwar dabara idan shi ne zai yi aiki.

Sai dai duk ma'aikacin da ya zauna da ita ya san sharuɗɗanta. Tana son wuta mara yankewa har gwaji ya ƙare. Ba ta son zafin ɗaki ya wuce digiri 30, kwansunan kuma kada ma'ajiyarsu ta haura 28. Ƙura abokiyar gabarta ce. A Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, inda digiri 40 ba labari ba ne, wannan na nufin na'urar sanyaya ɗaki, da batura, da farantan sola ko janareta, kafin a zo maganar kuɗin kwanso, wanda ya zauna a dala 9.98 tun 2012 har aka sauke shi zuwa 7.97 a 2023. Ba banza ba Truenat na kamfanin Molbio na Indiya, mai aiki da batir kuma mai jure zafi har digiri 40, ya sami karɓuwa bayan amincewar hukumar a 2020, duk da cewa yana barin wa ma'aikaci wani ɓangare na aikin da hannu.

A ɗaya ƙarshen akwai ɗan katin gwajin zazzaɓin cizon sauro da ake samu har a kemis na unguwa. Mutane ba sa kallonsa a matsayin fasahar siraran magudanai, amma ita ce. Famfonsa takarda ce. Yadda lagwani ke jan kananzir zuwa sama ba tare da an tura ba, haka take jan jini da ruwan gwaji su ratsa ta kan sinadaran da aka busar a jikinta. Ba wuta, ba tiyo, ba mai gyara. Kuma ramukan takardar ƙanana ne ƙwarai, don haka bazuwa ba ta da nisan tafiya.

Tsakanin wannan katin da GeneXpert akwai fili mai faɗi, kuma a nan nake ganin ya kamata basirar masu zane ta tare. An riga an nuna hanya. Samuel Sia na Jami'ar Columbia ya gwada wani allon roba a Ruwanda don gano ƙanjamau da tunjere, aka wallafa sakamakon a 2011. Maimakon bawuloli, ya jera sinadaran a cikin tiyo ɗaya, kowanne an raba shi da na bayansa da 'yar iska, suna wucewa bi da bi kamar taragon jirgin ƙasa. A sigar 2015, wadda ake maƙalawa a wayar hannu, famfon ya koma wata 'yar roba da ma'aikaci ke dannawa da yatsa, tana dawowa tana tsotsar ruwan. Minti goma sha biyar, sakamako ya fito. Masu bincike a IBM da ke Zurik sun sassaƙa dazukan ƙananan ginshiƙai masu tsotsar ruwa da gudun da aka ƙayyade tun a zane. Wasu kuma suna ɗora komai a kan faifai mai juyawa, inda ƙara gudu da rage shi ke dama ruwan, mota ɗaya tak ta wadatar.

Abin da za a iya faɗa mini

Mai adawa da ni yana da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Famfon da ba shi da kwamfuta ba shi da ido. Danƙon ruwa yana raguwa da kimanin kashi ɗaya cikin uku idan zafi ya tashi daga digiri 20 zuwa 40. Ke nan allon da aka daidaita a sanyin ɗakin bincike na Boston, idan ya zo hannun ma'aikaciyar lafiya a Gashuwa da bazara, ruwansa zai yi gudu fiye da yadda aka tsara da kusan rabi, sinadaran su sami ƙarancin lokacin haɗuwa. Jinin yaron da ke fama da ƙarancin jini ya fi na lafiyayye tsinkewa, don haka ya fi sauri, alhali shi ne ya fi buƙatar sakamako na gaskiya. Iskar hunturu tana busar da nanolita kafin a ankara, PDMS ɗin da masu bincike ke ƙauna kuma tana barin tururi ya ratsa ta, tana kuma shanye wasu magunguna. Yatsan wannan ya fi na wancan ƙarfi. Kumfar iska guda ta isa ta tsayar da komai. Injin mai tsada yana iya lura da duk waɗannan ya gyara, ko aƙalla ya ce gwaji ya ɓaci a sake.

Na yarda da wannan duka, har ma zan ƙara da cewa akwai wuraren da ƙarfin famfo shi ne daidai. Allurar rigakafin korona mai mRNA ta dogara ne da gauraya: kitsen da aka narkar a etanol yana haɗuwa da ruwan da ke ɗauke da mRNA, su dunƙule su zama ƙwayoyi masu girman kimanin nanomita 100, kuma saurin gaurayar ne ke ƙayyade girmansu da daidaitonsu. A 2012 ɗakin binciken Pieter Cullis a Vancouver ta Kanada ya nuna cewa magudanar ƙayar kifi tana yin wannan aiki da kyau. Amma da aka zo samar da biliyoyin allurai, Pfizer ya bi wata hanya: famfuna masu ƙarfi suna harba ruwayen biyu su yi karo a cikin ɗan ƙaramin mazubi, aka kuma jera irinsa da yawa suna aiki tare. A masana'anta mai wuta da injiniyoyi, a sayo hargitsi da ƙarfin tsiya ba laifi ba ne.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki raunin famfo mara wuta a matsayin dalilin watsi da shi. Kowane rauni da na lissafa tambaya ce ta zane, kuma da yawansu suna da amsa a siffa. Ana iya sa juriyar magudana ta rinjayi bambancin ƙarfin yatsu, ta yadda dannawa mai ƙarfi da mai rauni za su ba da kusan gudu ɗaya. Ana iya tace ƙwayoyin jini tun a ƙofa don kada kaurinsa ya shiga lissafi. Ana iya tanadar layin shaida da ba zai fito ba sai gaurayar ta kammala, kamar yadda katin zazzaɓi ke da layin da ke nuna cewa ruwa ya ratsa. Matsalar ita ce lada a wannan fanni yana tafiya ne ga wanda ya nuna sabon abu a mujalla, kuma sabon abu ya fi saurin fitowa idan akwai sirinji mai mota a gefe yana rufa asiri. Allon da zai yi aiki iri ɗaya a digiri 18 da digiri 43 ba ya ɗaukar ido, shekaru yake ci, ba kuma kowa ke son biyan kuɗinsa ba.

Ga masu karatun wannan shafi da ke zaune a kwamitocin sayen kayan asibiti, ko masu duba buƙatun tallafin bincike, ko malaman da ke neman aikin da za su ba ɗaliban injiniya, a nan ne maganar ta zama tamu. Ƙera allon kansa ya daina zama abin gagara, domin injin yanka da leza da faifan roba mai haske sun isa a fara magudanai masu ɗan faɗi. Abin da ɗakunan binciken ƙasashen sanyi ba su da shi, mu kuma muke da shi a wadace, shi ne wurin gwaji na gaskiya: zafin Afrilu, ƙurar Janairu, jinin masu sikila da masu ƙarancin jini, da ma'aikacin da ke duba mutum sittin kafin azahar. Idan wakilin kamfani ya ajiye ɗan allo mai sheƙi a kan tebur, a roƙe shi ya fito da sauran kayan da ke cikin jakar, a tambaye shi a zafin digiri nawa aka auna lokacin gaurayar, da jinin wa, da kuma abin da na'urar ke nunawa idan wuta ta ɗauke a minti na arba'in.